Wa Zai Sallami Manomi?

A aikin gwamnati ranar fita a rubuce take tun ranar shiga. Shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai a miƙa wa mutum takarda, a yi masa 'yar walima in yana da jama'a, ya kwashe tarkacensa daga ofis. Dokar tarayya ta 2022 ta ƙara wa malaman makaranta wa'adi zuwa shekara 65 ko 40 a aiki, farfesoshi da manyan alƙalai kuwa sai sun kai 70. Duk wannan lissafi bai shafi yawancin mutanen Jangebe ta Jihar Zamfara ba. Manomi da maƙeri da mahauci, wanzami da tela da dillalin awaki, da tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin tasha, babu wanda ya ɗauke su aiki, saboda haka babu mai sallamar su. Da yawa cikin dattawan ma ba su riƙe shekarar haihuwarsu da lamba ba. Sai dai ka ji an ce wane yana goye aka yi fara, ko yana saurayi aka canja kuɗi daga fam zuwa naira.

Mutanen nesa sun san sunan Jangebe ne ta labarin 26 ga Fabrairun 2021, daren da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, aka sako su ranar 2 ga Maris. Wanda ya san garin kafin nan da noma ya san shi. Kuma duk wanda ya bi hanyar gona da sassafe a damina, a nan ko a ƙauyukan Bakura da Maradun, zai ga furfura ta yi yawa cikin masu saɓe da kalme. Baƙo zai ce ai haka Bahaushe yake tun fil azal, ba ya zama sai ƙasa ta rufe masa ido. Da 'yar gaskiyarsa. Amma dattijon da ke fita gona a 1970 da wanda ke fita yau, ko da kalmen nasu maƙeri ɗaya ya ƙera, abin da ya fitar da su daga gida ya bambanta.

A da gida gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, wani lokaci da ƙannensa, gona ɗaya suke nomawa, hatsi ya shiga rumbu ɗaya. Maigida ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa saurayi auren fari, shi ke sayen kayan aiki da ragon suna. Yara kuma su ba gandu ƙarfinsu daga safe zuwa azahar, da yamma ko ranar da aka ware kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Cikin wannan tsari ba a barin aiki rana ɗaya. Abin da dattijo ke fara saki shi ne huɗa, don ita ke cin baya. Bayan wasu shekaru ya bar noman farko da maimai. Shuka kam ba ya barin ta da wuri: samari na gaba suna sara da sungumi, yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, shi yana can baya yana leƙa zurfin rami, yana faɗa in an cika hannu da iri. Shi ke cewa ruwan nan bai isa shuka ba, a dakata, ko kuma a yi binne a jira. Shi ya san gonar da ta gaji, wadda ya kamata a roƙi Fulani su kwana da shanu a cikinta bayan girbi, da wadda ƙuduji ya kama sai an huta da gero a cikinta. Shi ke zaɓen zangarniyar da za a rataye don iri. In dami ya iso gida shi ke ƙirgawa, kuma ba mai buɗe rumbu sai da izininsa.

Ranar da ƙafa ta ƙi kai shi gona, sai ya koma zaure ko gindin bedi da ɗaurin rama, yana tufkar igiya, yana saƙar zana da asabari, ga rago ɗaya ko biyu a turke yana ba su harawa da dusa ana jiran layya. Wani ya kasa goro a faifai a ƙofar gida. Wanda ke da karatu ya tara yaran unguwa da alluna. Tsofaffin mata ma ba su rasa abin yi ba: gurzar auduga da kaɗi da mazari, zaren a kai wa masaƙa, daddawa, karɓar haihuwa, ga jikoki da ake kawowa yaye. Abin da ya fi kusa da takardar ritaya a wancan zamani shi ne ranar da mai unguwa da dagaci suka yarda mutum ya tsufa, aka cire sunansa daga jerin masu biyan haraji. Kuma ba kowane dattijo ke murnar wannan rana ba.

Sana'o'in gado ma a kan wannan turba suke. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan wannan yanki na Bakura da Maradun, cikin ƙungiyar kiɗan mahaifinsa ya tashi yana amshi, daga baya jagoranci ya dawo hannunsa, ya yi wa Sardauna da sarakuna waƙa, bai kuma ajiye sana'ar ba har tsufa ya kama shi sosai. Ya rasu a 1991 yana da shekara fiye da tamanin. Wanda ya kalli hotunansa na talabijin na shekarun ƙarshe zai lura da yadda aka raba aikin: tsohon na tsakiya yana jefa jagora, 'ya'ya da 'yan'uwa na kewaye da shi da kotso, su ke ɗauke da nauyin amshi da kiɗa. Ya iya daɗewa a fage ne domin akwai masu ɗauke masa mai nauyin, shi kuma ya riƙe abin da babu mai iya yi sai shi. Haka maƙeri yake da mai zuga da mai dukan masaba, haka sarkin fawa yake da yaran da ke fiɗa.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin ba shi da aibu. Wanda Allah bai ba haihuwa ba, ko wanda 'ya'yansa suka tafi cin rani ba su dawo ba, tsufansa ya sha wuya tun a lokacin, wasu har bara ta kai su. Farin 1973 bai bar rumbun kowa da albarka ba. Kuma gandu na da nasa zaluncin, wanda zan dawo kansa. Amma ga talakan da ya yi sa'a daidai gwargwado, aikin da yake yi bayan shekara sittin da biyar aikin ganin dama ne. In ya kwanta ciwo damina guda, gona ba ta kwana. Yana da 'ya'ya a gandu, da hatsin bara a rumbu, da 'yan shanu a hannun wani Bafulatani da aka yi amana da shi tun kakanni, da ɗorawa da tsamiya da kuka a gona waɗanda ba sa neman noma, shekara ta kewayo su ba da abin sayarwa.

Shekarun 1970 suka zo da kuɗi. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ɗan ƙauye ya ga malamin firamare ya sayi keke sabo da rediyo a wata ɗaya. A shekarar ce kuma aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ke aikin, aka gama madatsar a 1978. Samarin Mafara da Maradun da Bakura da yawa a nan suka fara sanin kuɗin ƙarshen wata, wasu leburori, wasu direbobi, wasu masu gadi. Saurayin da ya riƙe kuɗinsa a aljihu ba ya komawa jiran uba ya yi masa aure. Ta ɗaya gefen kuma aikin ya ci ƙasa. Ruwa ya shanye garuruwa da gonaki, an karɓe filaye don a baje su a yanka magudanai, mutane suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, aka tumɓuke itatuwan da tsofaffi ke dogaro da su. Katafila ba ta san ɗorawar wance ba. Rikicin diyya ya kai manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin har yau ɗaruruwa suke cewa. Ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara, shinkafa da kifi suka ja baya. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin rikicin ƙasa, haka ne kuwa, amma wanda ya fi jin jiki shi ne mai shekara sittin da ba shi da sauran lokacin dasa wata bishiya ya ci 'ya'yanta.

Sauran ya biyo baya a hankali. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, auduga ta rasa tabbataccen mai saye, masaƙun Gusau da Kaduna suka yi ta rufewa, atamfar waje ta kashe mazarin tsohuwa da ma tun kafin nan ya fara sanyi. Gado ya yi ta yanka gonaki har ta kai abin da ya ciyar da gida mai mutum talatin ya zama filaye bakwai, kowanne bai isa ya riƙe mai shi ba. Gandu bai mutu da hayaniya ba, kowa dai ya ware tukunyarsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, sai buri ya koma Gusau: a samu yaro ɗaya ya shiga aikin gwamnati, gida ya huta, shi ma in ya tsufa ga fansho.

Waɗanda suka shiga a lokacin sun fara fita yanzu, kuma mun ga abin da waɗanda suka riga su fita suka tarar. Lokacin da gwamnatin Dauda Lawal ta hau a 2023, ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti na sama da naira biliyan 13 da ya taru tun 2011, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Wato akwai wanda ya ajiye aiki ya yi shekara goma yana jiran haƙƙinsa, akwai wanda magada suka karɓar masa. Me tsohon hedimasta zai yi a shekarun jiran nan? Gona ya koma, ko ya buɗe ɗan teburin sayar da magi da omo, ko ya shiga saye da ajiyar hatsi. Ritayar ma'aikaci a ƙasar nan, in an bi ta a hankali, komawa ce aikin kai a shekarun da jiki ya fara ƙi. Masu wayon cikinsu ba su taɓa sakin gona ba tun suna ofis, kowace Juma'a da yamma suna kan hanyar gida. Waɗanda suka saki su ne ka gani suna tambayar ƙanensu da bai yi boko ba yaushe ake zuba taki.

Sai kuma masifar da ta fi kowacce. Satar shanu ta fara kamar abin da ya shafi Fulani da masu garke kawai, kafin a farga ta share ajiyar talaka gaba ɗaya, domin bankin ɗan ƙauye a turke yake. Daga shanu aka koma mutane. A ƙauyuka da yawa na Zamfara sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe, gonakin nesa kuwa an bar wa daji. Ka ɗauki mai shekara saba'in da ya tara bijimai biyu na huɗa, yana bayar da su jinga, abin da ke shigowa ya ishe shi cefane ba tare da ya duƙa ba. Aka ɗauke ɗansa ko surukarsa a hanyar kasuwa. Ya sayar da bijiman, ya jinginar da gonar fadama, aka haɗa kuɗin fansa. Yaro ya dawo, alhamdu lillahi. Damina ta kewayo, tsohon ya ɗauko kalmen da ya rataye shekara takwas da suka wuce. A hanya za ka gan shi ka ce kai, wane akwai himma.

Samarin kuma sun watse. Wasu ramin zinariya ya ja su wajen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, kuma hana haƙar da gwamnatin tarayya ta yi a Afrilun 2019 bai dawo da su gona ba. Wasu suna acaba a Abuja da Legas, wasu suna tura baro a kasuwannin kudu. Uban da kansa yakan ce wa yaro tafi, domin saurayi a gona abin hari ne, ko a ɗauke shi ko a zarge shi da kai rahoto. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi. An yi don a matse 'yan daji, amma dillalin da duk abincinsa na mako ke fitowa daga ranar Talata a Mafara shi ma ya matsu. Farkon 2023 kuma takardar naira ta ɓace saboda canjin kuɗi, tsohuwa mai daddawa da ba ta da asusu ba ta da waya ta zauna da kayanta tana kallon masu cewa za su tura mata.

Akwai wani maƙeri abokin mahaifina da nake kira Baba. Maƙerarsa rumfa ce ta kara, ya bar zuga-zugin fata tuntuni, yanzu wata fanka ce da aka haɗa da wilin keke, jikansa ke juya ta in ya dawo makaranta. Ƙarfen da yake aiki da shi guntayen sifirin mota ne da ake kawo masa daga wajen 'yan gwangwan. Ya daina ƙera gatari da galma domin masaba ta fi ƙarfin kafaɗarsa, sai lauje da wuƙa da gyaran bakin kalme. Idonsa ya yi rauni, amma yana gane ƙarfe ya nuna daga launinsa, ya ɗauko da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, bugu uku huɗu ya mayar wuta. Babban ɗansa walda yake yi a Gusau, yana kuma aiko da abin da ya samu. Na ce masa, "Baba, ba ka huta haka nan ba? Yara ai sun kawo ƙarfi." Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, in na zamna gida wa ka zuwa gaishe ni? Nan kau ko mai kalmen da yak karye ya taho mu yi gardama." Muka yi dariya. Sai da aka jima, yaron ya tafi ɗebo gawayi, ya rage murya ya ce, "Kuma hatsin da munka ci bara, awo munka yi."

Amsa biyu ya ba ni, kowacce gaskiya ce, kuma ba na jin shi kansa zai iya raba su. Ta farkon ita ce wadda 'ya'yan da ke birni ba sa fahimta. Suna ganin in sun aiko da kuɗi sun sauke nauyi, tsoho ya kwanta ya huta, har suna jin kunyar a ce uban wane na dukan ƙarfe. Sun manta cewa rumfar nan ita ce majalisarsa, nan labarin gari ke iske shi, nan ake kawo masa ƙarar rikicin iyakar gona domin ya san inda kakan kowa ya kafa dutse. Kuɗin da ya samu da hannunsa, ko na goro ne, shi ke ba shi bakin magana a gidansa, ya ba jika naira hamsin ba tare da ya roƙi uban jikan ba, ya kai gudummawar biki da sunansa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma kowa a ƙauye ya san dattijon da 'ya'ya suka zaunar don gata, shekara biyu ba ta cika ba ƙafa ta riƙe, hankali ya fara tafiya. A nan ina tare da tsofaffin ɗari bisa ɗari. Wanda ke da lafiya da sana'a a hannu, kuma ransa na so, ban ga dalilin da wani zai ƙirga masa shekaru ya ce ya isa ba.

Inda nake rabuwa da wasunsu shi ne wajen riƙo. Ci gaba da aiki daban, ƙin sakin ragama daban. Mun san gidajen da uba ya haura tamanin, makullin shago na aljihunsa, gona ba a raba ba, ba a kuma ce wane ga naka ba, ɗa mai shekara arba'in da biyar da mata biyu sai ya zo ya tsuguna a ba shi kuɗin cefane. Ba a nuna masa masu ba da kaya bashi ba, bai san wa ake bi wa ke bin su ba, duk lissafin na cikin kan tsoho. Ranar da ta Allah ta kasance, sana'ar ta bi mai ita kabari, 'ya'ya kuma su kwashi juna zuwa kotun shari'a kan gonar da ba wanda ya san iyakarta. Wannan shi ne zaluncin gandu da na ambata, kuma yana cikin abin da ya kori samari tun kafin bindiga ta kore su. Dattawan da na fi ganin girmansu su ne waɗanda suka miƙa mai nauyin tun suna da ƙarfin gyara kuskuren yaro, suka riƙe ɗan abin da zai fitar da su daga gida kullum.

Duniya ma ba ta daɗe da sanin ritaya ba. Jamus ce ta fara kafa fanshon tsufa na ƙasa a 1889, zamanin Bismarck, ta sa shi a shekara 70, shekarun da ma'aikata kaɗan ne ke kaiwa a lokacin. Yau abin ya juye: a 2023 Faransawa sun cika tituna watanni don an ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64. Su suna faɗan a bar su su huta, namu na faɗan a bar su su je gona lafiya. Japan ce ta fi kama da mu a ido, domin matsakaicin shekarun manominta ya haura 67, ƙauyuka sun zama na tsofaffi, yara na birni. Sai dai tsohon manomin can yana da fansho da inshorar asibiti da ƙaramar tarakta, in ya ga dama gobe ya daina. Wannan ikon dainawa shi ne abin da ya kuɓuce wa namu, kuma idan babu shi kalmar zaɓi ba ta da wurin zama a maganar.

Gwamnatin tarayya ta yi wani yunƙuri. Bayan dokar fansho ta 2004 da gyaranta na 2014, a watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu aikin kansu: tela ko direba ko 'yar kasuwa su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, a lokacin kashi 40 cikin ɗari ana iya cira in buƙata ta taso, 60 sai tsufa. A takarda ba laifi. Amma je ka gaya wa mahaucin Jangebe ya ba wani kamfani da bai taɓa ganin ofishinsa ba kuɗinsa ya riƙe masa shekara ashirin, alhali ya ga maƙwabcinsa tsohon malami ya yi shekaru yana jiran garatuti, kuma ya ga dalar da ba ta kai naira 200 ba a 2015 ta haura 1,500 a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30. Zai ce maka gara ya sayi tunkiya, ita ko ba komai tana haihuwa. Lissafinsa daidai ne, in ban da cewa tunkiyar ma yanzu ana iya kore ta da dare. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar na taimaka wa wasu gajiyayyu, adashe da zumunta na riƙe wasu, amma babu ɗayansu da ya maye gurbin rumbu da turke. A ganina duk maganar fanshon talakan Zamfara da ba ta fara daga tsaron gona da hanyar kasuwa ba, da asibitin da zai duba hawan jini da yanar ido ba tare da an sayar da akuya ba, magana ce ta ɗakin taro.

Abin da ya shigo sabo shi ne kuɗin waya. Yaro na Legas ya tura, a je wajen mai POS a ciro, a kawo wa tsoho har zaure, tare da saƙo: don Allah Baba bana kada ka yi noma, ga wannan a sayi buhu biyu. Na san gidaje da dama da aka yi haka, kuma kusan duk abu ɗaya ya faru. Tsohon ya karɓa ya sa albarka, ya sayi buhu ɗaya, sauran ya ɗauki 'yan ƙodago ya sa aka nome masa gonar bayan gari da ya yi niyyar bari, ya ƙara da aron wata kusa da ita. In yaron ya bugo waya ya ce yana gida yana hutawa, alhali yana tsaye a kan kunya yana yi wa 'yan ƙodagon faɗa sun bar ciyawa a gindin dawa.